Ɗari Huɗu a Minti

Shekara ashirin da biyu na yi a masaƙar Kakuri,
kunnena a jikin ƙarfe.
Ban taɓa buƙatar duba allura ba:
in inji ya zarce ƙa'ida,
haƙorana ke fara sani.

Yau ga ni a bayan ɗaki a Nasarawa,
ni da farin akwatin da Rahila ta aiko,
wai Baba, sunkuyo ya isa haka,
bar wa na'ura wanki.

Maɓallinsa ɗaya, irin na tsohuwar rediyo.
In na murɗa dama, dubu da ɗari biyu a minti:
na bargo ke nan,
da wandon jikana in ya dawo daga ƙwallo
da rabin filin a gwiwarsa.
A nan yakan yi gurnani, ya yi rawar ɗari a kan siminti,
ya matso taku guda daga bango,
kajin Yohanna su watse.

Can ƙarshen hagu an zana gashin tsuntsu.
Ɗari huɗu.
Nan nake kai shi, Asabar ɗin farkon wata,
in na ciro zanin Lantana daga ƙasan adaka.

Shuɗi ne, da farin ganyen rogo.
Layinmu ya buga shi, ina aikin dare.
Na saya mata turmi guda ranar albashi,
ta yi min faɗan kuɗin, ta ɗaura washegari.
Ta ɗaura har ya yi laushin tafin jariri,
sannan ta bar min shi.
Damina shida ke nan.

Ruwan sanyi. Garin sabulu rabin cokali.
Gangar ta juya sau ɗaya, ta tsaya
kamar wadda ta manta abin da ta shigo ɗauka,
ta koma baya,
ta sake tsayawa.
Da a masaƙa ne, da na ce bel ya saki,
da na daka tsawa a kashe layi.
Mu can, wanda ya rage gudu shi ake yanke wa kuɗi.

Na jawo kujera ina kallo ta gilashi.
Zanin ya tashi, ya faɗi, ya kwanta cikin kumfa,
gefensa da ya fara zare
bai ƙara ko tsinke ɗaya ba.

Sai aka ɗauke wuta.

Ban tayar da janareto ba,
numfashinsa ba daidai yake ba, yana fizgar inji.
Na zauna. Jirgin ƙasa bai wuce ba, ya daɗe bai wuce ba.
Yohanna ya leƙo ta katanga:
Tanimu, wa ke ɗaura zanin nan da kake ta wankewa?

Na ce masa adaka ma tana da ƙura.
Ya yi shiru, ya miƙo min ɓarin goro.
Muna taunawa wutar ta dawo,
gangar ta ɗora daga inda ta tsaya,
a hankali,
hagu, sannan dama.