Layi na Uku

A Valparaíso, saman gidan burodi,
inda gidaje ke hawan dutse kamar awaki,
na kafa makirufo biyu,
na ja igiya zuwa wayar da ke kan tebur tana jiran kira.

Dokata guda ce a wannan sana'a:
kowace murya da ɗakinta.
Layi na ɗaya, Ximena mai tambaya.
Na biyu, Don Eleodoro, tsohon ɗan dakon tashar jiragen ruwa,
wanda ya ture abin kunnen da na miƙa masa,
wai kunnensa ba jaki ba ne da za a ɗaura wa kaya.
Na uku, ƙanensa Baldomero,
daga Punta Arenas, can inda iska ke cinye rabin magana.
Na huɗu na bar wa taga:
tsuntsayen teku, da mai gas yana kaɗa tukwanensa.

Me ka ci da safe? Haka nake gwaji.
Kifi, in ji tsoho, sai jar fitila ta kama. Na rage masa.
Shayi, in ji ƙanen, daga ƙasan rijiya. Na ƙara masa.

Hirar ta tashar da ce, ta zamanin da ake sauke buhu da kafaɗa.
Minti ashirin bai cika ba
suka isa kwalekwalen ubansu:
wa ya sayar, wa ya ci kuɗin,
wa ya ƙi zuwa jana'iza.
Shekara goma sha tara ta zube kan tebur lokaci ɗaya.
Murya ta hau murya, komai ya dagule.
Ximena ta dube ni. Na girgiza kai: ƙyale su.
Abin da kunne ya kasa tsincewa, na'ura tana tsince shi.

Da dare ni kaɗai da allo,
layi huɗu a shimfiɗe kamar kunyoyin gona.
Na rufe bakin taga. Na rufe Ximena.
Na rufe tsawar tsoho.
Saura na uku.

Shuru, da ɗan hucin waya mai nisa.
Can, daidai inda wansa ya doki tebur,
sai ga ƙaramar murya:
"Fitilar jirgin tana wurina. Ban sayar ba. Na ajiye maka."
Ya sake faɗa. Sannan ya haƙura.
Mu uku a ɗakin, babu wanda ya ji.

Yatsana na kan maɓalli.
In na sauke tsawar, na ɗaga wannan,
masu saurare za su rantse an yi sulhu.
Amma ba haka aka yi a ɗakin ba.
Na bar shirin da hayaniyarsa.

Daƙiƙa tara kawai na yanko daga layi na uku,
babu kiɗa, babu gyara,
na tura wa jikar tsohon, na ce ta kunna masa.

Kwana biyu, shiru.
Ran na uku, ƙamshin burodi bai gama hawowa ba
na ji ana jan ƙafa a matakala.
Ya tsaya a ƙofa yana haki, hula a hannu.
"Abin kunnen nan naka," ya ce,
"yana ina?"