Marfin Kwalba

Akuyar da na sayar ranar kasuwar Miriya
ita ce mai ba ni kashin da nake kaiwa gona.
Dillali ya buɗe bakinta, ya duba haƙora,
ya ƙirgo mini jika goma sha huɗu.
Na juyo gida da igiya a hannu, babu abin ja.

Taki na sayar, taki na saya.
Barira ta ce irin wannan ciniki sai ni.

Tiya bakwai aka auna mini a tsohon buhun shinkafa,
toka-toka, kamar tsakin da kaji suka raina.
Na kai hanci, babu wari.
Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan,
don tun ina yaro da hanci na san taki.

Malam Laminu na aikin gona, mai babur marar madubi,
ya ce kada in watsa kamar mai rabon sadaka.
Ya zaro marfin kwalbar lemo daga aljihu:
cikinsa ɗaya, rami ɗaya,
a ɗan gefe, kada ya taɓa iri.
Rami nawa ne a gonarmu ta gabas?
Shi bai ƙirga ba. Ƙuguna ne ya ƙirga.

Yayana Tsahiru yana tsaye a kan iyaka,
hauya a kafaɗa, asuwaki a baki.
Ya ce, "Ƙasa kamar mai shan shayi ce,
ran da ta ɗanɗana, kullum sai ka hura gawayi.
Shekara arba'in Baba ya noma jigawar nan
da kashin shanun Fulani da ganyen gawo."
Na ce shanun yanzu a mota suke wucewa,
gawon kuma wa ya sare na uku?
Ya tofar da asuwaki, ya ba ni baya.

Sai na kafa turke a tsakiyar gona,
na ɗaura masa igiyar akuyar.
Kudu ta ci marfi, arewa ta yi azumi.

Hatsin kudu ya taso baƙi-baƙi, yana taƙama,
masu zuwa rijiya suna rage tafiya su kalla.
Sannan sama ta kulle.
Kwana goma sha tara, ko hadarin ƙarya babu.
Wanda ya fi ƙoshi shi ya fara jin ƙishi,
ganyensa ya naɗe kamar tabarmar baƙon da zai tafi.
Na daina zama ƙarƙashin dalbejiya da yamma,
a masallaci na koma sahun baya.
Tsahiru bai ce komai ba.
Da ma ya ce.

Daren wata Alhamis Barira ta taɓa ƙafata:
"Ji."
Kwanon rufi ne yake magana.
Na fita ba riga, na tsaya a tsakar gida,
ban san me na karanta ba.

Da kaka, arewa ta ba da dami takwas,
kudu goma sha uku.
Biyar ke nan a tsakani.
Barira ta lissafa da yatsu, ta sāke lissafawa:
biyar ba ta kai akuya ba,
amma za ta kai mu shukar baɗi
ba mu je ƙofar kowa da ƙwarya ba.

Jiya bayan isha'i Tsahiru ya yi sallama,
wai lauje ya zo aro.
Ya sha ruwa, ya yi zancen farashin wake,
ya kai bakin zaure, sai ya tsaya.
"Marfin nan," ya ce, bai waiwayo ba,
"sai na lemo, ko kowace kwalba ta yi?"

Na sa masa nawa a tafin hannu.
Ya juya shi, ya ce ashe ma ƙarami ne.

Turken akuya yana nan a bayan ɗaki.
Barira ba ta bari a tumɓuke shi ba.