Tsamiya a Baƙon Kwano

Harira ce ta ja ni, bayan Kasuwar Dole,
ɗan ɗaki mai tebur huɗu da fanka mai tari.
Mai girkin ƴar Filifin ce, Hausarta na tuntuɓe.
Na ce, "Naman me?" Ta ce, "Kaza. Yankan Zongo."

Sunan miyar sinigan. Na maimaita, Harira ta ƙyalƙyale.
Tsululu, ba kuka, ba daddawa.
Na kurɓa a tsorace,
sai ga tsamiya,
irin ta kunun Inna Dije da azumi,
ga zogale na iyo kamar bai san ni ba.

Teku nawa na zaci zan ƙetare?
Ashe daga lambun Mirya aka tsinko shi.

Na ajiye cokali, na ɗaga kwanon.