Ƙarar Sama

Teburina yana gindin darbejiya,
daura da ofishin 'yan sanda na Mai Wurno.
Shekara goma sha tara ina rubuta wa mutane ƙara:
akuya ta ci riɗi, maƙwabci ya matsar da iyaka.
Ban taɓa rubuta ƙarar sama ba
sai ran Alhamis ɗin nan.

Sanda ya fara zuwa, laka har gwiwa,
ƙarnin kifi na biye da shi.
Ya ce yana tsakiyar kogi, ya saki koma,
sai ruwa ya yi fari fat kamar an kifar da ƙwaryar nono.
Ya ɗaga kai. Faifai ne, in ji shi, faifan haske,
ba ƙugi, ba hayaƙi,
ya tsaya cak kamar mai jiran a amsa masa sallama.

Kaltume mai shayi ta ce tsoro ne ya zagaye masa ido.
Dogo ne, kamar muciya.
Kuma garwashinta ya mutu a take.
Ta dafe takardar: rubuta har da garwashin.

Liman ya ce jifan shaiɗanu ne, a yawaita istigfari.
Ɗansa ya leƙa waya, ya ce tauraron ɗan'adam.
Barau, wanda ya dawo daga fagen daga da kunne ɗaya,
bai ce uffan ba.
Tun daren yake kwana a ƙarƙashin gado.

Mutum ashirin da uku na juya wa magana zuwa Larabci.
Suna, ƙabila, lambar shaida, abin da ka gani.
Hafsan ya karanta yana sakace,
ya ja kalma guda a ƙasa:
majhul,
wanda ba a san ko wane ne ba.
Ya buga hatimi, ya aika a kawo masa shayi.

Ai na san kalmar nan.
Ita aka rubuta wa kakana
ran da ya sauke jakinsa a bakin kogin nan,
zai wuce Makka, ya ce bari ya ɗan huta,
ya huta shekara sittin.
An gan shi sarai. Gane shi ne aka kasa.
Ni da aka binne cibiyata a bayan masallacin can,
har yau in na je neman takarda
sai an ce: asali daga ina?

To, ni ma na gan shi.
Na fito alwala, buta a hannu.
Ban sa a rahoto ba.
Hannu kawai na ɗaga, na ce sannu da hanya.
In sauka za ka yi, akwai ruwa a randa,
akwai tabarma.
Sai dai ka taho da takardunka.