Shaidar Mai Fito

Sun ce in rantse, na ɗaga hannu,
hannun da gora ta cinye wa zane.
Sunana Barau ɗan Mati mai koma,
shekara talatin da ɗaya ina fito a Galma.
Ban yi boko ba, ranka ya daɗe,
amma na san inda ruwa ke saɓa alkawari.

Takardar Jatau ta ce: daga kuka zuwa kogi.
Ta Cindo ta ce: daga kogi zuwa giginya.
Wanda ya rubuta ya yi gaskiya a ranarsa,
ya ɗauka kogi turke ne,
ashe baƙo ne mai kwana da takalmi.

Daren Laraba, tsakiyar malka,
ruwa ya kwana yana gardama da ƙasa.
Da asuba na je ga jirgina,
na tarar da shi zaune a laka
kamar akuyar da aka manta a kasuwa.
Galma ya yi ƙaura.
Ya bar gwiwar da ya saba zagayawa,
ya yanke ta bayan giginya,
raken Cindo, kadada biyu da 'yan kai,
ya wayi gari a tsallaken Jatau,
ƙasar wani dagaci, rasidin wata ƙaramar hukuma.

Jatau bai yi sata ba,
ƙofa ya buɗe ya ga gona.
Ya ce, har kogi aka rubuta, ga kogi can.
Cindo ya ce, rake ya san hannun da ya dasa shi.

Lauya ya gyara baƙar riga ya tambaye ni:
rarrafe kogin ya yi, ko tsalle?
Wai in rarrafe ne iyaka ta bi ruwa,
in tsalle ne ta zauna a tsohon kwari,
wai haka ake yi ko tsakanin jiha da jiha.
Na ce, shekara bakwai yana gutsurar gaɓa
kamar ɓera a buhun gyaɗa,
kowa na kallo, ba wanda ya kai ƙara.
Dare ɗaya ya haɗiye saura.
To wanne zan ce maka?
Aka yi dariya. Alƙali bai yi ba,
ya cire tabarau ya ɗage zama sai bayan Salla.

Ɗagewa ta tara ke nan.
Safiyo ya zo da ƙarfe mai ƙafa uku,
ya kafa siminti huɗu, damina ta tafi da biyu.
Cindo ya sayar da injin ban-ruwa,
Jatau ya sayar da bijimi, sannan amalanke.
In an tashi kotu jirgina suke shiga,
wannan zai koma gida,
wancan zai je ya kalli raken da aka hana kowa sara.
Ɗaya a goshi, ɗaya a kurya, ba gaisuwa.
Sai ran da ruwa ya shigo ta tsaga,
Jatau ya miƙa ƙwarya,
Cindo ya karɓa ya kwashe, bai ɗaga kai ba.

Akwai abin da ba a tambaye ni ba.
Tun da ruwa ya janye, tifa ke shiga da dare,
'yan yashi sun rarake tsohon kwari,
shebur ya fara cin gindin gona.
Ƙasar da ake rantsuwa a kanta
tana Tudun Wada, an buga bulo da ita,
tana Sabon Gari, an yi wa shago daɓe.
Ban ce har katangar kotun nan ba,
na dai ga launin yashin, na gane shi.

Jiya kuma na ga Galma
yana lasar saiwar giginya.
Ban ce zai koma ba, ba ya shawara da ni.
Na dai ƙara wa jirgina igiya,
gaba uku.