Hannun da Na Ɓoye a Aljihu

Wata bakwai ban gaida Barnaba ba.
Injin ban-ruwa muka haɗa kuɗi muka saya,
ni jika arba'in, shi arba'in da biyar,
don lambunanmu na bakin gulbi, can hanyar Jiratawa.
Ranar da ya ƙone, a hannunsa yake.
Na ce shi ya bar shi ba mai.
Ya ce tun a hannuna yake tari.
Zogalena ya bushe yana kallona,
tumatirinsa ya zube tun bai nuna ba.
Asara muka raba daidai; laifi, kowa ya ce ba nasa ba.

Ran Lahadi coci ɗaya ke ɗaukar mu.
Na koma bencin baya, gefen tagar da ba ta rufuwa,
na auna tsakaninmu: layi shida da ginshiƙi.
In Fada ya ce mu ba juna salama
sai in miƙa hannu nan, in miƙa can,
in gaida ɗan Togo mai gyaran rediyo,
in gaida yaran da ban san sunansu ba,
ragowar in mai da ita aljihu
kamar canjin da ba na so a gani.

Na nemi kwanciyar rai ta ɓarauniyar hanya.
Da asuba, kafin kabu-kabu su fara kuka a Maradi,
nakan ja carbi gaban hoton Uwa Maryamu,
ƙwaya bayan ƙwaya, baki na tafiya, zuciya na zaune.
In na iso wurin yafe wa juna
a addu'ar da Ubangiji ya koya mana,
sai harshe ya yi tuntuɓe,
in haɗiye kalmar da sauri, kamar maganin zazzaɓi.
Zuciya randa ce. Tawa ta gurɓace,
ina roƙon ta kwanta
alhali hannuna na ciki yana damawa.

Inna Sisiliya mai sharar coci ta same ni ran Asabar.
"Ɗaga ƙafarka, Damiyanu."
Na ɗaga. Ta share ƙarƙashina.
"Kai mai shara ne irin na jikata," ta ce,
"tsakar ɗaki fes, datti bayan ƙyaure.
Iska ɗaya ta ishe ka."
Ta wuce da tsintsiyarta, ba ta waiwayo ba.

A wurin ikirari na zata za a ɗora min addu'o'i.
Fada ya ce, "Ka san gidansa?"
Na ce na sani.
Ya ce, "To."

Sau biyu na wuce ƙofarsa a unguwar Zariya
kamar mai neman wani gida.
Jar akuyarsa ce ta fara gane ni.
Yana kan tabarma, injin a wargaje gabansa,
kusoshi cikin tasa, baƙin mai har gwiwar hannu.
Ashe duk watannin nan shi kaɗai yake fama.

Na zo da jawabi tsararre
mai ba ni kashi ɗaya cikin uku na laifin.
Ya tsere min.
Na ce, "Barnaba, tarin nan, na ji shi.
Kwana uku ina ji. Ban faɗa ba."

Shiru, har na ji ana daka a maƙwabta.
Bai rungume ni ba. Bai ma ɗago ba.
Ya dai gusa kaɗan a kan tabarmar,
ya ce, "Riƙe min nan."
Na riƙe.

Har yau injin bai tashi ba,
wataƙila sai mun sayar da ƙarfensa a kilo.
Amma daren nan na yi barci har zakara ya gaji da ni,
da safe na kai ƙarshen addu'ar ban haɗiye komai ba.

Na ɗauka salama fara ce, mai ƙanshin turaren bagade.
Tawa ta zo da warin baƙin mai,
ta maƙale a ƙarƙashin farce,
sabulu bai fitar da ita ba.
Da ita na je coci ran Lahadi,
na ƙetare layi shida da ginshiƙi,
na fito da hannun daga aljihu.