Direban Tsohuwa

A shagon Hamisu, can Bagalam,
firinta ta shekara goma sha bakwai
tana tofo rasit na masu man gyaɗa.
Jiya aka sa wa kwamfuta sabon Windo.
Yau tsohuwa ta yi sallama,
gilashi ya ce bai san ta ba.

Ya hure waya, ya sauya rami,
ya kashe, ya kunna.
Wai direba ake nema.
Ga direbobi fal tasha, har na Jibiya,
babu mai jan wannan.

Rakiya na tsaye, jaka biyu a tafinta.
Bayan la'asar ya jawo tsohon inji daga ƙarƙashin benci,
ya haɗa su.
Tsohuwa ta yi tari sau biyu.
Takarda ta fito da ɗuminta.